Sanin makamar aiki a laburaren jama'a: yadda na same shi

A dogon hutun da ya wuce na yi aikin sanin makama a wani laburaren jama'a, kamar yadda sashenmu na nazarin laburare ya tanada. Na ƙaru ƙwarai, amma ina da ƙorafi.

Aikin farko da ake miƙa wa ɗalibi shi ne mayar da littattafai kan kanta da bin layi ana duba lambobi. Akwai gundura, ga ciwon baya. Sai dai a nan tsarin Dewey, wato tsarin jera littattafai bisa lambobi, ya zauna mini. A aji mun haddace cewa Melvil Dewey ya fito da shi a 1876, ya kasa ilimi gida goma. A gaban kanta kuwa ido ke sabawa da cewa 610.69 na zuwa kafin 610.7, kuma littafin da aka soke a gurbin da ba nasa ba ya ɓata ke nan, ko da kwamfuta na cewa yana nan.

Inda na fi ƙaruwa shi ne teburin tambaya. Ba kasafai mutum ke faɗin ainihin abin da ya kawo shi ba. Zai ce littafin shari'a yake nema, ashe rigimar haya ce ta hana shi barci. Wata dattijuwar ma'aikaciya da na zauna kusa da ita ba ta tashi daga kujera sai ta yi wa mutum tambaya biyu ko uku cikin lallashi, sannan ta kai shi har bakin kantar. Ita ce kuma ta ja mini kunne cewa abin da mutum ya ara sirrinsa ne, ba a faɗa wa mai tambaya. Babu laccar da ta koya mini wannan haƙurin.

Ƙorafina a kan shigar da bayanan littattafai ne. Laburaren na amfani da Koha, manhajar nan ta kyauta da aka fara a New Zealand, na kuma so in yi aiki da tsarin MARC da hannuna, wato tsarin da ke ba kowane bayani na littafi gurbinsa mai lamba: sunan littafi a 245, marubuci a 100, lambar shaidar littafi ta ISBN a 020. Kallo kawai aka bar mu mu yi. Ban ga laifinsu sosai ba, domin lokacin hutu ne yara ke cika wurin, shirin karatunsu ya cinye ma'aikata, mai kula da mu ma da ƙyar muke ganinta. Amma ɗalibi ba ɗan aike ba ne.

Wanda zai je, ya nemi a rubuta masa jadawalin sassan da zai zaga tun kafin ya fara, ya kuma tambaya ko ana biyan alawus, don ba ko'ina ake bayarwa ba.