Sharhi a kan akwatin batir da na sa aka ƙera wa kwale-kwalena a Yauri

Kwale-kwalen da nake aiki da shi a tafkin Kainji na katako ne, mai injin Yamaha da ake tayarwa da igiya, saboda haka batirin da ke cikinsa ba na tayar da inji ba ne. Aikinsa shi ne kunna famfon kwashe ruwa, da fitilar gaba, da cajin wayoyin fasinjoji, kuma farantin sola da ke kan rumfa ne yake cika shi. Batiri ne mai ruwa, volt 12, amfiya 100, nauyinsa ya kusa kilo 30. Da yake akwatunan roba da ake samu a kasuwa ba su dace da faɗin wurin da ke ƙarƙashin bencin baya ba, sai na nemi wani kafinta da ya saba gyaran jiragen ruwa a Yauri, wanda kuma ya iya aikin faiba (zaren gilashi da ake shafawa da wani irin gam, idan ya bushe ya yi tauri), ya ƙera mini akwati bisa ma'aunin batirin da na jirgin. Na yi damina da rani ina amfani da shi, shi ya sa nake ganin yanzu ina da abin faɗa a kansa.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai karɓi aikin a bakin shago ba. Ya zo bakin ruwa da tef ɗinsa, ya auna tsakanin haƙarƙarin jirgin, ya duba iyakar inda ruwa yake kaiwa a ƙasan jirgin idan an yi lodi, sannan ya tambayi inda nake ajiye jarkokin fetur. Da na nuna masa, sai ya ce: "Alhaji, mai da batir ba sa zama wuri ɗaya, dole ɗaya ya matsa." Dalilinsa gaskiya ne, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan kwanta a ƙasan jirgi, tartsatsi ɗaya daga kan batir kuwa ya isa ya tayar da gobara a tsakiyar ruwa. Jarkokin suka koma can gaba, akwatin kuma aka ɗora shi a kan dakalin katako da ya ɗaga shi sama da inda ruwa yake taruwa.

Da falankin filawud irin na jiragen ruwa ya yi jikin akwatin, mai kaurin milimita 12, sannan ya lulluɓe ciki da waje da faiba, ya ninka ta a kusurwoyi har cikin ya zama kamar baho, babu wata kafa da ruwa zai bi. A nan ne nake ganin ingancin aikin yake. Da yawa daga cikin abokan sana'armu wurin mai walda suke zuwa a haɗa musu akwatin ƙarfe, saboda ya fi araha kuma a yini ɗaya ake gamawa. Amma ruwan batir asid ne, yana cin ƙarfe kamar yadda yake cin katakon da ba a rufe ba, kuma wutar lantarki tana bin ƙarfe, ta yadda idan murfi ya lotsa ya taɓa kawunan batirin biyu, abin da zai biyo baya ba ƙarami ba ne. Faiba ba ta tsatsa, wutar lantarki ba ta bin ta, kuma idan igiyar ruwa ta girgiza jirgin har ruwan batir ya fantsalo, a cikin akwatin yake tsayawa. Nakan goge shi da tsumma da ɗan ruwan kanwa, wanda yake kashe kaifin asid, amma ina kiyayewa kada ko ɗigo ya shiga cikin ramukan batirin, domin zai lalata shi.

Ɗaurin batirin ma ya yi kyau ƙwarai. Wanda ya san Kainji ya san cewa tun da aka kammala madatsar a 1968 ruwa ya shanye dazuzzuka, har yau akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashinsa, ga kuma guguwar farkon damina da take tayar da igiyar ruwa ba tare da sanarwa ba. Abu mai nauyin kilo 30 idan ya sami damar zamewa, zai tsinke waya ko ya fasa jikinsa. Kafintan ya sa 'yan katakai a gindin akwatin da suka kama batirin ta kowane gefe, ya shimfiɗa roba a ƙasa, ya kawo ɗamara mai ƙarfi ta bi ta samansa, shi kuma akwatin ya ɗaure shi da haƙarƙarin jirgin da notuna na ƙarfen da ba ya tsatsa. Ƙa'idar da masu ƙera jiragen ruwa a Amurka suke bi ita ce kada batir ya motsa fiye da inci ɗaya ta kowace fuska. Nawa ko da na sa hannu biyu na jijjiga shi, ba ya gusawa.

Akwai wani ɓangare da mutane ba su cika kula da shi ba, wato shan iska. Batir mai ruwa idan yana caji yakan fitar da iskar haidurojin, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, kuma idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar da ke wuri tana iya kamawa da wuta. Da yake ta fi iska sauƙi, sama take tashi, don haka ramukan shan iska a can saman akwatin ya huda su, dab da murfi, ya kuma yi wa murfin leɓe da ya sauko ya rufa musu, ta yadda iska tana fita amma ruwan sama da feshin igiya ba sa shiga. Na sha buɗe akwatin bayan ruwan sama mai ƙarfi in tarar da cikinsa a bushe. Zamansa a inuwar benci kuma ya rage wa batirin zafin rana, wanda a watannin Maris da Afrilu yake saurin ƙafar da ruwan batir, yana kuma rage masa kwana.

Wajen haɗa wuta, wani mai gyaran lantarki ya kira suka yi aikin tare. Sun sa fiyus a kan jar waya kusa da kan batirin sosai, bai wuce tsawon tafin hannu ba, suka rufe kawunan da hular roba, suka kafa makunni a jikin akwatin daga waje wanda yake yanke wutar gaba ɗaya idan an tashi aiki. Ramukan da wayoyi suke fita an sa musu zoben roba don kada gefen faiba ya yanke su. Wannan makunni ya yi mini amfani fiye da yadda na zata, domin da safe idan na auna da mita nakan tarar da batirin a wajen volt 12.6, alamar babu abin da ya sha shi cikin dare.

Sai dai aikin yana da nasa aibi, kuma ya kamata in faɗe su. Na farko, hinjin murfin da maƙullinsa na ƙarfen kasuwa ne, ba irin notunan ba, kuma kafin damina ta ƙare sun yi tsatsa har murfin yana ƙara, dole na sa aka canza su. Na biyu, wanda ya fi damuna, bai yi wa akwatin hanyar ɗaga batirin cikin sauƙi ba. Ya matse shi sosai ta yadda yatsu ba sa shiga gefe, idan za a fitar da shi sai an zura igiya ta ƙarƙashi mutum biyu su ɗaga. Da ya bar ɗan sarari ta ɓangaren hannuwan batirin, ko ya yi gaban akwatin mai zarewa daga sama, da an huta. Haka kuma tsawon murfin bai ba da damar leƙa ramukan ruwa da kyau ba sai an ɗaga bencin, alhali duba ruwan batir da ƙara masa tataccen ruwa aiki ne na yau da kullum. Aikin ya kuma wuce lokacin da muka yi alkawari, ko da yake wani ɓangare na jinkirin jiran bushewar faiba ne, wanda ba a yi masa gaggawa.

Kuɗin da na kashe ya ninka na akwatin walda, amma bai kai kuɗin sabon batir ba, kuma har yanzu kawunan batirin ba su yi farin gari ba, in ban da man basilin da nake shafa musu babu wani gyara da na yi musu. Duk mai niyyar yin irinsa, ya sayi batirin tukuna kafin a yanka katako, ya kai kafintan bakin ruwa ya ga jirgin da idonsa, ya kuma sayi hinji da maƙulli marasa tsatsa da kansa ya miƙa masa. Ya tabbatar an gwada sakawa da fitar da batirin a gabansa kafin a shafa faiba, domin bayan ta bushe gyaran ma'auni sai an fasa.