Tsakanin -jin da -ka a Japananci

Bahaushe a farkon kalma yake sa ba- ya ce Bakano, ko ma- ya ce marubuci. Mutanen Japan kuwa a ƙarshe suke liƙa nasu, kuma -jin da -ka ne mai koyo ya fi cin karo da su.

-Jin (人) na nufin mutum, aikinsa nuna asali. Nihon-jin ɗan Japan ne, Amerika-jin ɗan Amurka, Naijeria-jin ɗan Najeriya. Ba ruwansa da jinsi ko jam'i: Bahaushe, Bahaushiya da Hausawa duk Hausa-jin ne. Ka san sunan ƙasa, ka gama.

-Ka (家) harafin "gida" ne, yana nuna wanda ya riƙi wani fanni: sakka marubuci, ongakuka masanin kiɗa, seijika ɗan siyasa, mangaka mai zanen manga, wato labaran zane na Japan. Nan ba a ƙirƙira, sai hadda, domin likita isha ne, lauya kuwa bengoshi.

Shi ma -jin yakan tsallako cikin sana'a, kamar shijin, marubucin waƙoƙi. Abin da ya fi ba ni haushi, harafin nan 人 da "nin" ake karanta shi a ryōrinin, mai dafa abinci, da shokunin, mai sana'ar hannu.