Kotun jiha ko ta tarayya: me ya raba su a shari'ar damfara?

Wata Hajiya ta yi mana tambaya, ta ce an kama ƙaninta a Kano kan kuɗin wata harkar kasuwanci, 'yan sanda sun kai shi gaban majistare, alhali wani maƙwabcinsu mai irin wannan zargi EFCC ta gurfanar da shi a Babbar Kotun Tarayya. Me ya bambanta su, kuma wace kariya ke gaban kowannensu?

Hajiya, ku fara duba takardar tuhumar, ku ga sunan dokar da aka rubuta a kai. Idan ƙanin naku an caje shi da zamba a ƙarƙashin sashe na 322 na Penal Code, dokar jiha ce, hukuncin ba ya wuce shekara 3, kuma alƙali na iya yanke tara kawai. Maƙwabcin kuwa, idan an yi amfani da dokar damfara ta tarayya ta 2006, mafi ƙaranci shekara 7 ne, mafi yawa 20, babu zaɓin tara. Wannan doka ta tarayya ana iya shigar da ita a Babbar Kotun Jiha ma, don haka ginin kotun kaɗai ba ya gaya muku dokar da aka yi amfani da ita.

A gaban majistare shari'a kan fara da takardar FIR, wato rahoton farko da 'yan sanda ke rubuta zargin a ciki, a karanta wa mutum, a tambaye shi ko ya amsa. Nan mutane da yawa ke jefa kansu: wani ya raɗa masa "ka amsa kawai a sallame ka", ya amsa, a yanke masa hukunci nan take ba tare da an kira shaida ko ɗaya ba. Kada ya amsa sai lauya ya karanta takardar. A kotun tarayya tuhumar kan zo da bayanan shaidu da takardun banki a haɗe, lauya na da abin nazari tun ranar farko.

Beli ya fi sauƙi a jiha: mai tsayawa ɗaya ko biyu masu tabbataccen adireshi. A tarayya sharuɗɗan kan yi tsauri, a nemi mai takardar mallakar fili ko babban ma'aikacin gwamnati, a riƙe fasfo. Doka ba ta hana mace tsaya wa mutum ba, ko da wani ya ce muku haka.

Babban bambancin, a ganinmu, yana wajen sulhu. A ƙaramar zamba ta jiha, idan aka biya mai ƙara ya ce ya yafe, kotu kan yarda a rufe maganar. A shari'ar EFCC mai ƙorafi shaida ne kawai, janyewarsa ba ta kashe tuhuma. Hanyar da aka fi bi ita ce yarjejeniyar amsa laifi don sassauci, a sashe na 270 na dokar ACJA ta 2015, wato dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka: a rubuce, a mayar da kuɗi, alƙali ya amince, amma mutum zai fita da tambarin wanda kotu ta samu da laifi. Ikon dakatar da ƙara yana hannun Antoni Janar na jiha a laifin jiha, na tarayya a laifin tarayya, kuma afuwar gwamna ba ta kai ga laifin tarayya ba.

Kariyar kanta kusan ɗaya ce. Mai gabatar da ƙara ne zai tabbatar da laifi ba tare da kokwanto ba, kuma a damfara dole ya nuna an yi ƙarya tun farko da niyyar cuta. Cinikin da ya lalace bashi ne, don haka ku tattaro rasit, saƙonnin WhatsApp da shaidar duk abin da aka biya. Idan da duka aka karɓi bayaninsa, lauya ya yi suka a daidai lokacin da aka miƙa takardar, a ƙarƙashin sashe na 29 na dokar shaida ta 2011. Wanda ya bari sai lokacin kare kai ya makara. Idan shaidun gwamnati sun gama ba su kafa komai ba, lauya na iya roƙon a sallame shi ba tare da ya kare kansa ba.

Ɗaukaka ƙara daga majistare tana zuwa Babbar Kotun Jiha, daga kotun tarayya kuwa kai tsaye Kotun Ɗaukaka Ƙara, kuma wannan ta biyun ce ake shigarwa cikin kwana 90. Idan babu kuɗin lauya, ku je ofishin Legal Aid Council, hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya kyauta, da kwafin takardar tuhumar.