Ƙwallo ko iyo? Amsa ga uwar yaro mai galahanga

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ki ladan raino. Kin ce ɗanki shekararsa 7, likita ya tabbatar yana da galahanga, wato otizim. Babansa ya dage sai ya shiga ƙwallo da yaran unguwa, ke an gaya miki iyo ya fi dacewa da irinsu, kakarsa kuma ta ce a bar shi cikin gida kada a yi masa dariya. Nawa shekararsa 10, a nan Garwa ta ƙasar Kamaru muke, kuma duka biyun mun gwada.

Maganar Kaka ita ce kaɗai ba zan goyi baya ba, ko da yake na san ƙauna ce ta sa ta faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a kullum, kuma ba ta cire masu lalura ba. Na ga gaskiyar wannan a ɗakina. Ranar da yarona bai fita ba, sai ya kai sha biyun dare yana zagaye tabarma yana kaɗa hannu. Ranar da ya yi gumi, bayan isha'i ya yi barci.

Babansa kuma ki yi masa uzuri. Garwa garin ƙwallo ne, garin ƙungiyar Coton Sport, kuma tun da aka buga wasannin kofin Afirka a filin Rumde Ajiya a farkon 2022 kowane lungu ya zama fili. Uba yana son ya ga ɗansa cikin 'yan uwansa maza, ana kiran sunansa. Namu ma haka ya so. Sai dai ƙwallon taro tana neman abubuwan da suka fi yi wa yaranmu wuya, duk a lokaci guda: ka karanta idon abokinka ka gane zai ba ka, ka jure ihu, ka jure bangaza, ka fahimci cewa wanda yake ɓangarenku jiya yau abokin hamayya ne. Ranar farko da aka kai ɗana fili, wani ya busa usur kusa da kunnensa. Ya toshe kunnuwa da tafin hannu, ya durƙusa a tsakiyar fili, ƙwallo ta wuce ta gabansa bai ko kalle ta ba. Yaran suka yi ta ce masa ya tashi yana ɓata musu wasa. Babansa ya saɓo shi a kafaɗa har gida, kuma a daren nan babu wanda ya ci tuwon kirki.

Mun ɗauka ƙwallon ce ba ya so, ashe taron ne. Muka koma zaure, shi da babansa kawai, bayan la'asar. Ya buga wa bango, bango ya dawo masa da ita. Bango ba ya ihu, kuma kullum yadda aka buga haka yake mayarwa. Sai da aka yi watanni kafin muka ƙara ɗan yayata, daga baya wani yaron maƙwabta mai haƙuri. Yanzu tsaron gida yake yi musu, duwatsu biyu ne ragarsa. Wannan matsayi ya karɓe shi don wuri ɗaya ne, aiki ɗaya, ba sai ya bi kowa da gudu ba.

Iyo kuwa daban ne. Ruwa yana danna jiki ko'ina daidai wa daida, yana rage ƙara, kuma babu wanda zai jira ka ba shi ƙwallo. Yarona da ba ya yarda a rungume shi, cikin ruwa sai ka ga kafaɗunsa sun sauka, yana ta dariya shi kaɗai. Wanda ya ce miki iyo ya dace da su bai yi ƙarya ba.

Amma wannan son ruwan shi ne abin da yake hana ni barci. Da yawa daga cikin yaranmu suna sulalewa daga gida ba tare da sun san haɗari ba, kuma nutsewa tana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu galahanga idan sun ɓace. Mu kuma ga kogin Binuwai a bakin gari, kin san yadda take cika ta tumbatsa a watan Agusta da Satumba. Ga rijiyoyi, ga durom ɗin ruwa a tsakar gida, ga kududdufan damina. Don haka ni ba na lissafa iyo a cikin wasa, ina lissafa shi tare da rigakafi. Yaro ya iya kwanciya rigingine a kan ruwa, ya iya kama baki ya fito, ko bai taɓa yin tsere ba.

Kada kuma a ce za a koya masa a kogi don sauƙi. Akwai igiyar ruwa, akwai dorina, akwai tsargiya, wadda ke shiga ta fata yaro ya riƙa fitsarin jini. Abin da ya rage shi ne wurin iyo na otal, da kuɗin shiga da kuɗin babur, ga shi mu mata ba kowace ce za ta shiga ruwa a bainar jama'a ba. Nan ne nake ganin ki jawo babansa. Shi zai shiga ya tallafe shi da hannu biyu, ku zaɓi safiya kafin mutane su cika. Kafin nan ki tambayi likitansa batun farfaɗiya, don ta fi yawa a cikin masu galahanga, kuma idan ta tashi cikin ruwa ba ta ba da lokaci. Ko ya ƙware, babba ya kasance kusa da shi yadda hannu zai kai.

In kika ce lallai in zaɓa, ƙwallo ta kullum ce, iyo na ranar da aljihu ya yarda. Ƙwallo ba ta cin ko sisi bayan an saye ta, kuma ita ce ta sa yaran layinmu suka daina ce wa ɗana mahaukaci suka koma kiransa gola. Iyo ko sau biyu a wata ne ku lizimta, har sai ya iya ceton kansa.

Idan zafi ya matso, Maris da Afrilu kan wuce digiri 40, ku riƙa fita da sassafe ko dab da magariba. Ki riƙa miƙa masa ruwa da kanki, don nawa har yau ba ya cewa yana jin ƙishirwa. Ki kuma gaya wa Kaka ta sa kujerarta a bakin zaure ranar da za su fara buga wa bango, ta gani da idonta.