Likitar ta yi aikinta, amma takardar Kawu ta kwana a durowa

Asibitin haƙorin nan na Garwa a Kamaru da ake ta yabo, can na kai Kawuna saboda wani gyambo a gefen harshensa. Kuɗin ganin likita ba sai na faɗa ba, duk wanda ya taɓa shiga ya sani. Mu dai cire haƙori muka je yi, don akwai wani turmi da ya ɓalle yana gogar wurin. An sha maganin kemis, an kuskure baki da ruwan gishiri, an shafa zuma, gyambo yana nan.

Wallahi likitar ta ba ni mamaki. Yarinya ce ƙarama, amma ba ta yi gaggawa ba. Ta kama harshen da ƙyallen bandeji ta jawo shi waje, ta haska ƙarƙashinsa, ta danna bakin gyambon da yatsa ta ce ya yi tauri. Sannan ta zagaya bayansa tana lalubar wuya da ƙasan haɓa ko akwai kaluluwa. Sai ta ce, “Baba, kuna saka taba a baki?” Kawu ya yi shiru, don garin taba da kanwa ba ya rabo da leɓensa tun yana saurayi. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta dai ce duk gyambon bakin da ya wuce mako 2 zuwa 3 bai warke ba, ko farin tabo ko ja da ba ya goguwa, ba a yanke masa hukunci da ido. Taba da giya su ne kan gaba wajen jawo ciwon dajin baki, kuma gefen harshe na cikin wuraren da ya fi kamawa. Har ta kawo mana zancen tumbak na Sudan, tabar baki da bincike ya alaƙanta da wannan ciwo.

Ta yi allurar kashe zafi, ta yanki ɗan nama da bai kai ƙwayar wake ba, ta jefa a kwalbar formol, ruwan da ke hana nama ruɓewa, ta ɗinke wurin. Ta ce Yawunde za a aika, a yanka shi siri-siri a duba a madubin likita. Ranar na fito ina sa mata albarka, har na gaya wa mutane a masallaci su je can.

To amma daga nan ne raina ya ɓaci, kuma har yanzu bai huce ba. Masu karɓar baƙi sun rubuta lambata, suka ce za su kira in sakamakon gwajin ya iso. Ba su kira ba. In na buga, sai a ce bai iso ba. In na je, sai a ce mai makullin ya fita. Ranar da na tsaya na ƙi tafiya, sai ga takardar an zaro daga durowa, kwanan watan da ke jikinta ya nuna ta daɗe da zuwa. Ciwon daji ne, irin wanda ke tasowa daga fatar cikin baki, wanda likitar ta ce shi ne kusan kashi 90 cikin 100 na dajin baki. Takarda irin wannan ce za a bari ta kwana ƙarƙashin rasitai? Mutum yana gida, ko tuwo ba ya iya ci sai kunu, mu kuma muna zaton shirun alheri ne.

Ita likitar da ta ga kwanan watan, fuskarta ta canza. Ta zaunar da mu ta fassara mana Faransancin layi-layi, ta sake laluben wuyan Kawu, ta rubuta takardar tura mu Yawunde don tiyata. Ita ban da abin cewa a kanta sai godiya. Amma asibitin, gaskiya ba zan ƙara tura kowa da bakina ba sai na ji sun gyara teburin gaban nan. Wanda ya riga ya ba da nama a can, ya karɓi lambar likitar da kanta, ya riƙa zuwa da ƙafarsa. Mu gobe za mu kama hanyar Ngaundere mu hau jirgin ƙasa. A sa Kawu a addu'a.