Sayen atlas da adras na Margilan ta intanet: a duba bayan yadi kafin a biya

Shagunan kasuwar intanet ta Etsy da shafukan Instagram da Telegram sun buɗe wa masaƙan Margilan, a kwarin Fargana na Uzbekistan, kasuwar da da sai mai yawon buɗe ido ke kai musu. Wannan alheri ne babba. Sai dai hanyar da ta kawo musu masu saye ita ce ta kawo yadin da injin ya buga wa zanensu, kuma a hoton waya su biyun kamar an tsaga kara.

Atlas siliki ne zalla, adras kuwa siliki da auduga. A duka biyun zaren ake rinawa tun kafin saƙa: a ɗaure wasu sassan zaren tsaye tamau, a tsoma a rini, a kwance, a sake ɗaurewa don launi na gaba. Masu bin hanyar gargajiya na samun ruwan ɗorawa daga ɓawon rumman, shuɗi daga baba, irin wanda marinar Ƙofar Mata ta sani. A 2017 UNESCO ta yaba wa cibiyar sana'o'in hannu ta Margilan kan raya wannan aiki, masana'antar siliki ta Yodgorlik kuma tana garin tun 1972.

Kafin ka tura kuɗi, nemi bidiyon bayan yadin a hasken rana. Adras na gaske launinsa ɗaya gaba da baya, tunda zaren ne ya sha rini, atlas kuwa ko na gaske ne bayansa bai kai gabansa haske ba; bugun injin bayansa a koɗe yake. Ka ce a matso da kyamara bakin zane. A saƙar hannu zaruruwa na ɗan zamewa, gefen zanen ya fito da tsefe-tsefe, kuma ba ka samun biyu iri ɗaya sak. Injin kan kwaikwayi wannan, amma yana maimaita shi daidai wa daida.

Faɗi ma shaida ne, kuma nan ake yawan asara. Saƙar hannu ba ta cika wuce santimita 40 zuwa 50 ba, bugun injin kan kai 150. Ɗinkin da ke cin mita 4 na yadi mai faɗin 150 zai ci kusan mita 15 na mai faɗin 40, ban da ƙarin da tela zai buƙata don haɗa zane. A saya duka a lokaci guda daga saƙa ɗaya, domin rinin wani zubin ba ya zuwa daidai.

In kaya ya iso, zare ɗan zaren tsaye ka ƙona. Siliki na warin ƙonannen gashi ya bar toka mai murmushewa, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. Wanki da hannu a ruwan sanyi, shanya a inuwa.

Shagon da ya faɗi faɗin yadi, ya ambaci masaƙin, ya turo bidiyo ba gardama, ya cancanci kuɗinsa ko da tsada. Wanda ya ƙi nuna bayan yadi, a wuce shi.