Ƙara amfiya ko ƙara bolt: wanne ke hana sitefa cijewa?

Ɗan'uwa ya yi tambaya kan ƙaramin injinsa na CNC mai sassaƙa katako: sitefa (motar lantarki mai juyi taku-taku) NEMA 23 mai amfiya 2.8, direba DM542 (na'urar da ke ba sitefa wuta), fawa (akwatin da ke samar da wutar) mai bolt 24, sandar zare 1605 mai tura teburin injin, da manhajar GRBL mai sarrafa injin a kan allon Arduino Uno. Da ya tura layin X da gudun milimita 3000 a minti sai sitefar ta cije tana ƙugi, teburi ya tsaya, kwamfuta kuwa tana ci gaba da lissafi. Shin ya ƙara amfiya ne, ko ya sayi fawa mai bolt 36?

Malam, magungunan nan biyu ba ciwo ɗaya suke yi wa aiki ba, don haka fara duba lokacin da take cijewa.

Amfiya ita ke ba sitefa ƙarfin juyi a ƙaramin gudu. Idan tana cijewa ne yayin da bakin yanka ya nutse cikin katako ana tafiya a hankali, nan ne za a zargi amfiya. Jadawalin amfiya da ke jikin DM542 yana da layi biyu, na ƙololuwa da na RMS (wani irin matsakaicin awon wuta), kuma mutane da yawa suna zaɓar 2.84 suna zaton ta dace da sitefarsu, alhali wannan 2.03 ce kawai a RMS. Ka gwada 3.76, wato 2.69 a RMS. Ba sai ka kashe ko sisi ba, 'yan makunnai SW1 zuwa SW3 da ke jikin direba ne kawai. Illarta zafi: in jikin sitefa ya doshi digiri 80, ka sauko. Wuce abin da aka rubuta mata ba ya ƙara wani ƙarfin kirki, sai dai ya gasa waya.

Bolt kuwa aikinsa a gudu yake. Naɗin wayar sitefa yana jinkirta shigar wuta, kuma duk taku sai wutar ta sake shiga. Sitefa mai digiri 1.8 tana taku 200 a juyi ɗaya. Sandarka tana tafiyar milimita 5 a juyi, ke nan 3000 a minti juyi 600 ne, cikakken taku 2000 a daƙiƙa. A wannan gudun bolt 24 ba ya samun lokacin cika naɗin kafin taku na gaba, sai ƙarfin ya zube ko nawa ka sa a makunnan. Akwai lissafin da aka saba yi don sanin iyakar bolt ɗin sitefa: 32 sau tushen murabba'in indoktans ɗinta (ma'aunin jinkirin da naɗin ke kawowa) a milihenri. Sitefa mai milihenri 2.5 tana ɗaukar kusan bolt 50. DM542 ma iyakarsa 50 ne, amma sitefa tana mayar da wuta baya idan tana rage gudu, shi ya sa na fi son 36 a kan 48. Wanda ya nace wa 48, ya murɗa fawar ƙasa kaɗan.

To, yadda ka bayyana taka, a gudu take cijewa ba tare da yanka ba. Bolt ne, amfiya ba za ta fisshe ka ba.

Amma kafin ka je kasuwa, yi gwaji uku. Kashe wuta ka juya sandar da hannu daga farko har ƙarshe. In ta yi tauri a wani wuri, matsalar saiti ce ko boris ko ƙurar katako da ta haɗu da giris, kuma babu fawar da za ta gyara wannan. Ja layi da maka a kan bakin sitefa da mahaɗin sanda ka ga ko layin zai goce, don sau tari ƙaramin sukurun mahaɗin ne ya saki, sitefa tana juyi sanda tana tsaye. Sannan rage $120 a saitin GRBL, wato saurin tashin layin X, zuwa rabi. In cijewar a farkon tashi take kuma ta daina, ka huta da sayayya.

Duba ƙananan taku ma, wato yadda direba ke rarraba kowane cikakken taku. GRBL a kan Uno ba ya wuce bugu kusan 30,000 a daƙiƙa. In ka sa direba a ƙaramin taku 3200 a juyi, $100 (yawan taku a milimita) zai zama 640, kuma gudun 3000 yana neman bugu 32,000, ya haura iyaka. Mayar da direba 1600, ka sa $100 a 320, buƙatar ta sauko 16,000.

Bayan ka sa sabuwar fawar, riƙa ƙara $110, iyakar gudun layin X, da 500 har ta cije, sannan ka sauko da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari. Kada ka taɓa cire wayar sitefa alhali direba na kunne, direban yana iya ƙonewa nan take.